Process Explorer da VMMap: yadda suke kama yoyon memori a manhajar hotuna, da inda suke gazawa

Masu shagunan hoto a Abuja sun san wannan ciwo. Da safe manhajar hotuna tana tafiya sumul. Zuwa azahar, bayan an buɗe hotunan biki ɗari uku ko huɗu, sai ta fara nauyi, a danna hoto a yi ta jira. Zuwa la'asar ƙananan hotunan samfoti da ke gefe sun koma baƙaƙen akwatuna, rubutun da ke kan maɓallai ya ɓace, daga nan ta rufe kanta, ga kuma amarya da ƙawayenta a kan benci suna jiran zaɓen hotunan albam. A sake buɗe ta, ta dawo garau kamar ba ita ba. Shawarar da ake saurin ba mai shago ita ce: "Maigida, ka leƙa Banex a ƙara maka RAM." Idan yoyon memori ne, wannan kuɗi an zuba ruwa ne a kwando.

Yoyon memori shi ne manhaja ta ari wuri a memori don ta ajiye hoto, ta gama da hoton, amma ba ta mayar da wurin ba. Aro ɗaya ba ya kashe kwamfuta. Aro dubu da ba a mayar ba shi ke kayar da ita. Kayan aiki biyu da muke dubawa a nan, Process Explorer da VMMap, aikinsu ke nan: su nuna ko akwai yoyon, kuma ta wace kafa. Duka biyun daga jerin Sysinternals suke, wanda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka fara a 1996, Microsoft ta saye shi a 2006. Kyauta ne, kowannensu ɗan ƙaramin fayil ne a dunƙule, ana warwarewa a kunna ba tare da an girka komai ba. A sauke su daga shafin Microsoft kai tsaye. Kayan da za a ba izinin leƙa cikin kowace manhaja a kwamfuta bai kamata ya fito daga fulash ɗin da ya zaga shago goma ba.

Kafin a taɓa su, sai an san lissafin hoto, domin shi ke fassara duk lambar da za a gani. Hoton JPEG na megafiksel 24 yana iya zama megabait goma ko ƙasa da haka a katin kyamara, amma wannan a matse yake. Da an buɗe shi, faɗinsa fiksel 6000 ne, tsayinsa 4000, kowane fiksel yana cin bait 4. Jimilla bait miliyan 96, wato kusan megabait 92 a lissafin Windows. Idan manhajar tana aiki da bit 16 a kowane launi, kamar yadda ake yi da hotunan RAW, sai a ninka biyu. Ƙaramin samfoti mai fiksel 256 a faɗi da 256 a tsayi yana cin kilobait 256 daidai. A riƙe waɗannan lambobi biyu, 92 da 256.

Process Explorer shi ne na farko da za a buɗe, kuma a matsayin mai cikakken iko a kwamfutar. A shiga View, a zaɓi Select Columns. A ɓangaren Process Memory a saka alama a kan Private Bytes, Working Set Size, GDI Objects da USER Objects, a ɓangaren Process Performance kuma a saka a kan Handle Count. GDI abubuwan zane ne, USER tagogi da jerin zaɓi, Handles kuma fayiloli da makamantansu da manhajar ta riƙe a buɗe. A nan ne amfaninsa na farko yake: yana jera lambobin da suka dace wuri guda. Lambar memori da Task Manager ke nunawa a shafinsa na farko tana yaudara, domin abin da ke zaune a RAM a wannan lokacin kaɗai take ƙirgawa. Idan wuri ya yi wa Windows ƙaranci sai ta kwashe wani ɓangare zuwa faifai, lambar ta sauka, mutum ya ɗauka an samu sauƙi. Private Bytes ba ya sauka da wannan dabara. Shi ne bashin da ke kan manhajar, ko yana RAM ko yana faifai, kuma shi ake bi. Gaskiya ne ana iya ƙara Commit size da GDI objects a shafin Details na Task Manager, kuma wanda ba shi da intanet a ranar zai iya farawa da su. Abin da Process Explorer ya fi shi da shi shi ne idan aka danna sunan manhajar sau biyu, shafin Performance Graph yana zana hawa da saukar Private Bytes ita kaɗai, a ga lokacin da ta yi tsalle da ido.

Gwajin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. A ware folda mai hotuna 200 daga kyamara ɗaya, kwafi ba na asali ba. A ƙara mata fayiloli biyar da suka lalace, irin waɗanda aka zare kati ana tsakiyar kwafa ko wuta ta ɗauke aka samu rabin hoto toka-toka. Kowane shago yana da irinsu, kuma za a ga amfaninsu nan gaba. A sake kunna kwamfuta, a rufe burauza da sauran manhajoji, a tabbatar tana kan inbata ko batirinta a cike yake, domin gwajin da wuta ta katse sai an faro shi daga tushe. A buɗe manhajar, a bi hotunan 200 ɗaya bayan ɗaya, a fita daga foldar, a jira minti guda, a rubuta lambobi huɗu a takarda: Private Bytes, GDI, USER da Handles. Wannan zagaye na farko ba a yanke hukunci da shi. Manhaja mai lafiya ma tana kumbura a zagayen farko, domin tana cika ma'ajiyarta ta wucin gadi, tana loda abubuwan da ba ta buƙata ba sai yanzu. Daga nan a maimaita abu ɗaya sau biyar, folda ɗaya, jeri ɗaya, jira ɗaya.

Idan lambar ta hau a zagaye na ɗaya da na biyu sannan ta tsaya tana ɗan lilo sama da ƙasa, ma'ajiya ce mai iyaka, ba yoyo ba, kuma a nan ne kaɗai maganar ƙarin RAM take da ma'ana. Idan kuwa kowane zagaye yana ɗora adadi kusan ɗaya kamar matakalar bene, an kama ɓarawo. Sai a raba ƙarin da yawan hotuna. A ce Private Bytes yana ƙaruwa da megabait 50 a kowane zagaye: 50 a raba wa 200 ya ba da kilobait 256, ke nan samfoti ne ba a saki. A ce kowane hoto yana ɗora kusan 92: hoton gaba ɗaya ake riƙewa, kuma kwamfuta mai gigabait 8 za ta fara shaƙewa tun kafin a kai hoto na ɗari. A mai da ita 16, an ƙara wa'adi ne kawai, faɗuwar tana nan. Idan manhajar tsohuwa ce mai bit 32 abin ya fi muni, domin a ƙa'ida gigabait 2 ne iyakar filin da take gani ko da an cika kwamfutar da RAM, sai dai in an gina ta da alamar da ke ba ta 4 a Windows mai bit 64. Hoto ashirin da 'yan kai sun cinye biyun nan.

Lambar GDI ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ke bayan baƙaƙen akwatunan nan. Windows tana ba kowace manhaja izinin riƙe abubuwan zane 10,000 a lokaci guda: hotunan allo, alƙaluma, burushi, nau'in rubutu da wuraren zane. Da an kai wannan adadi, duk sabon zane sai ya gaza, ko da rabin RAM a sake yake. Shi ya sa mai shago zai rantse memori bai cika ba, kuma gaskiyarsa. Idan GDI yana hawa da 200 a kowane zagaye, abu ɗaya ke zuba a kan kowane hoto. Idan 400 ne, biyu ne, galibi hoton allo da wurin zanensa, kuma a wannan tafiya hoto 5,000 ya isa a kai bango. Akwai mafi sharri: a bar hotuna, a kama gefen tagar manhajar ana ja ana saki na minti ɗaya ana kallon lambar. Idan tana gudu, yoyon yana cikin aikin sake zanen allo, kuma irin wannan yana iya kayar da manhaja ko ba a buɗe hotuna da yawa ba.

Bayan an tabbatar, sai a rarraba aikin. Zagaye ɗaya kallo kawai, ɗaya juyawa da yanke gefe, ɗaya fitarwa zuwa JPEG, ɗaya bugawa. Shagunan da ke buga hoton fasfo daga safe zuwa dare su ba zagayen bugawa muhimmanci, domin kowane bugu yana buɗe wurin zane na firinta, kuma idan lambar tana hawa a nan kaɗai, ko manhajar ce ba ta rufe shi ko direban firintar ne, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa ta. A gwada da Microsoft Print to PDF. Idan yoyon ya tsaya, zargi ya koma kan direba.

Inda Process Explorer ya gaza a fili yake. Yana faɗin yawan abubuwan GDI amma ba ya faɗin irinsu. Ɓangaren ƙasa da ake buɗewa da Ctrl+H yana nuna fayiloli da maɓallan rajista (kundin saitunan Windows) da makamantansu da manhajar ta riƙe, wanda ke da amfani ƙwarai idan Handles ne ke hawa, domin za a ga sunan kowane hoto da aka buɗe ba a rufe ba, amma GDI ba ya fitowa a can. Don wannan sai an nemi GDIView na NirSoft, shi ma kyauta, wanda ke raba su gida-gida. Na biyu, zanen tarihinsa gajere ne, ba na gwajin dare guda ba. Na uku, da Turanci yake, cike da kalmomin da ba wanda zai gane ba tare da an yi masa bayani ba, kuma ba ya cewa "ga matsala". Kai ne za ka karanta.

VMMap yana ɗauka daga inda wancan ya tsaya. Ana zaɓar manhajar, sai ya yanka memorinta kashi-kashi da launuka: Image, Mapped File, Shareable, Heap, Managed Heap, Stack, Private Data. A danna F5 bayan kowane zagaye, kowace dannawa tana ajiye hoton yanayin. Maɓallin Timeline yana jera su, kuma idan aka ja linzami tsakanin biyu, teburin yana komawa nuna bambanci kawai. Wannan shi ne mafi kyawun abin da ke cikinsa, kuma a minti goma yana rage filin bincike ƙwarai. Idan Heap ne ke kumbura, a duba ɓangaren da aka rubuta da yaren C ko C++ da ɗakunan karatun da ke warware JPEG da RAW, wato tarin kod da aka riga aka rubuta wanda manhajar ke ara. Idan Managed Heap ne, manhajar an gina ta ne da .NET, tsarin Microsoft na rubuta manhaja, kuma wani abu yana riƙe da abubuwan da ya kamata mai shara ya kwashe, wato ɓangaren .NET da ke mayar da memorin da aka gama da shi. Private Data yana nuna manyan filaye da aka karɓa kai tsaye daga Windows, kuma idan aka jera su bisa girma aka ga da yawa masu girma ɗaya da ya dace da lissafin hoto, magana ta ƙare. Idan Stack ne ke hawa, zaren aiki, wato ƙananan layukan aiki da manhajar ke gudanarwa lokaci guda, ake buɗewa ba a rufewa, kowanne kuma yana kama filin megabait 1 a ƙa'ida. Ga manhaja mai bit 32 akwai Fragmentation View, wanda ke nuna yadda filin ya daddatse. Ana iya samun megabait 600 a sake amma babu yanki ɗaya a haɗe da zai ɗauki 92, sai manhajar ta ce memori ya ƙare. Wannan ba yoyo ba ne, kuma maganinsa shi ne a koma bit 64.

Yana da wata hanya ta biyu, Launch and trace a new process, inda shi ne ke kunna manhajar yana rubuta wanda ya karɓi kowane fili. A takarda abin sha'awa ne. A aikace yana sa manhajar nauyi, kuma idan babu fayilolin alamomi masu ƙarewa da .pdb, sunan ɗakin karatu da lambobi kawai za a gani, ba sunan aiki ko layi ba. Ko hakan ma yana da rana, domin sanin cewa yoyon daga wani ƙari da aka liƙa wa manhajar yake ya wadatar a cire shi. Ba ya leƙa cikin abubuwan .NET ɗaya-ɗaya, ba ya ganin GDI, ba ya nuna memorin katin zane. Na ƙarshen ana duba shi a Task Manager, ginshiƙin Dedicated GPU memory.

Mai rubuta manhajar da ke son sunan layi ya wuce zuwa UMDH, wanda ke cikin Debugging Tools for Windows. A fara da gflags /i hoto.exe +ust, inda hoto.exe ke madadin sunan fayil ɗin manhajar, a saita _NT_SYMBOL_PATH ya nuna inda alamomin suke, a kunna manhajar, a yi zagayen farko. Sai umdh -p:1234 -f:a.txt, inda 1234 ke madadin lambar manhajar da Process Explorer ya nuna. A yi zagaye uku, a ɗauki b.txt, sannan umdh a.txt b.txt ya fitar da bambancin, mafi girma a sama. A nemi wanda yawan karɓarsa ya yi daidai da 600, wato hoto 200 sau uku. In an gama a kashe da -ust, kada a bar shi a kwamfutar shago. Masu zuwa daga Linux su sani mai gano yoyon can, Valgrind, ba ya aiki a Windows, kuma AddressSanitizer da ke cikin Visual Studio ba ya zuwa da mai gano yoyo. Ga .NET, ɗaukar hoton memori sau biyu a Visual Studio ko PerfView a kwatanta shi ne daidai.

Gyaran kansa yawanci ɗan layi ne, nemansa ne aiki. A GDI kowane aro da irin mayarwarsa: GetDC da ReleaseDC, CreateCompatibleDC da DeleteDC, CreateCompatibleBitmap da DeleteObject. Tarkon da ke kama har ƙwararru shi ne goge hoton allo alhali yana ɗaure a wurin zane. DeleteObject yana iya ƙin gogewa, ya dawo da sifili, ba wanda ya duba, a ido kuma kod ɗin daidai yake. Dole a adana abin da SelectObject ya dawo da shi tun farko, a mayar da shi gurbinsa, sannan a goge. A .NET, Bitmap ɗan ƙaramin abu ne a idon mai shara, amma a bayansa akwai megabait 92 da ba ya ƙirgawa, don haka ba ya gaggawar zuwa. Duk Bitmap da Graphics sai an kira musu Dispose ko an sa su cikin using. Idan aka sauya hoton PictureBox, tsohon ba ya sakin kansa. GetHbitmap kuma yana ba da abin da mai shara ba zai taɓa kwashewa ba har abada, sai an kira DeleteObject da hannu, kuma shi ne na farko da za a nema idan GDI yana hawa ɗaya a kan kowane hoto. Saƙon "Parameter is not valid" da ke fitowa bayan sa'o'i ana aiki, a kan hoton da ya buɗe lafiya da safe, sau da yawa daga nan yake.

Fayiloli biyar ɗin nan da suka lalace, ga ranarsu. Manhaja tana iya yin komai daidai a kan hoto mai kyau, amma idan warwarewa ta gaza a tsakiya sai ta fice ta ƙofar baya ta bar kaya a ƙasa. A libjpeg, ɗakin karatun warware JPEG, kuskure yana tsallakawa da umarnin longjmp, kuma idan ba a kira jpeg_destroy_decompress a wannan hanya ba, kuma ba a saki filin hoton ba, kowane lalataccen fayil yoyo ne. Haka cmsDeleteTransform da cmsCloseProfile a Little CMS mai daidaita launi, haka Release a abubuwan WIC, ɓangaren Windows mai warware hotuna. A yi zagaye da fayiloli biyar ɗin kaɗai sau ashirin a ga. Maganin dindindin a C++ shi ne a daina dogara da tunawa, a naɗe kowane aro cikin unique_ptr ko ComPtr, ya saki kansa ta kowace ƙofa aka fita, tare da lura cewa longjmp ba ya girmama wannan tsari, sai an killace shi a ɗan ƙaramin aiki nasa.

Akwai kuma yoyon da kayan aiki ba za su kira yoyo ba, domin manhajar tana sane da abin da ta riƙe: ma'ajiyar samfoti marar iyaka, da tarihin komawa baya da ke ajiye cikakken hoto a kowane mataki. Samfoti 10,000 kusan gigabait biyu da rabi ne. A sa iyaka da bait, ba da yawan hotuna ba, a riƙa zubar da wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba.

Abubuwa uku da ake sayarwa a matsayin gyara a guje su. Manhajojin "share RAM" suna tura memori zuwa faifai ne kawai, Working Set ya sauka, Private Bytes yana nan daram. Ɗaga GDIProcessHandleQuota a rajista yana jinkirta faɗuwa, kuma yana barin manhaja ɗaya ta ci rabon sauran. Watsa GC.Collect, umarnin kiran mai shara, ko'ina yana ɓoye Dispose da aka manta, ya ƙara nauyi, ba ya taɓa abin da GetHbitmap ya bari.

Mai shagon da ba shi da kod ɗin manhajar ma bai tashi a banza ba. Yana da takardar zagaye biyar, ya san aikin da ke jawo yoyon, yana iya ajiye sakamakon VMMap a fayil mai ƙarewa da .mmp ya aika wa masu manhajar tare da lambar sigarta da ta Windows. Rahoto irin wannan ana iya aiki da shi, saɓanin "tana yin nauyi". Kafin gyara ya zo, lissafin ya gaya masa hoto nawa zai buɗe kafin ya rufe ya sake buɗewa, ya yi hakan tsakanin kwastoma da kwastoma. Ga mai gyaran kwamfuta a Wuse ko Area 10, waɗannan biyun sun cancanci zama a fulash ɗin aikinsa, kuma ya kamata ya gwada kafin ya ce wa kowa ya sayi RAM. Process Explorer kowa zai iya koyonsa a yini ɗaya. VMMap yana son wanda ya ɗan san yadda Windows ke raba memori.

Bayan gyara, a koma folda ɗaya, jeri ɗaya, amma zagaye goma, har da lalatattun fayilolin. Sannan a bar manhajar tana juya hotuna da kanta dare guda, ana rubuta lambar da typeperf "\Process(hoto)\Private Bytes" -si 30 -o gwaji.csv, wanda ke ɗauka duk daƙiƙa 30. GDI ba ya cikin abin da typeperf ke ƙirgawa, don haka a rubuta shi da hannu daga Process Explorer kafin a rufe shago, a sake dubawa da safe. A buɗe gwaji.csv a Excel a zana layi. Idan ya hau a sa'ar farko ya kwanta har asuba, kuma GDI na safe bai wuce na dare da fiye da 'yan gomomi ba, a mayar da manhajar kan kwamfutar shago.